Yadda Ake Rubuta Bayanin Tsohon Agogo Kafin Sayarwa ko Rabon Gado

Tambayar da masu karatu suke ta maimaitawa ita ce: an sami tsohon agogo a gida, na kaka ne ko wanda wani Baturen kuza ya bar wa kukunsa a Bukuru ko Rayfield da ke yankin Jos, mai saye daga Abuja ya ce a turo masa cikakken bayani, to me za a rubuta? Abin da aka saba turawa bai wuce "agogon Turawa ne, tsoho ne sosai, yana aiki" ba. Wannan ba ya sa kuɗi, domin dillali ya san mai kayan bai san abin da yake riƙe da shi ba. Haka lamarin yake ranar rabon gado idan aka zo yi wa kaya ƙima. Ga tsarin da ake bi. Ka'ida guda ce ta ratsa shi duka: abin da idonka ya gani daban, abin da aka ba ka labari daban, kuma kowanne da wurinsa a takarda.

1. Tanadi kayan aiki

Kana buƙatar tef na awo, ƙaramar tocila, madubin ƙara girma irin na masu gyaran waya, ɗan maganaɗisu, burushi mai laushi, safar hannu ta auduga, sikelin awon kaya, wayar ɗaukar hoto da littafin rubutu. Duk ana samunsu a kasuwar Terminus ta Jos, kuma rabinsu suna gidanka tuni. Ka shimfiɗa bargo a kan tebur a wurin da haske yake shiga.

Gargaɗi: kada ka goge komai kafin ka gama. Man goge tagulla yana cinye ruwan zinare da ruwan azurfar da ke fuska, yana share sunan da aka rubuta da fenti. Dattin shekaru ba ya rage kuɗin agogo kamar yadda gugar ganganci take ragewa.

2. Cire lilo kafin ka ɗaga

Lilo shi ne sandar da ke kai da komowa da faifai a ƙasanta. A rataye yake a jikin wani siririn sifirin da bai kai kaurin reza ba. Buɗe ƙofar baya ko ta gaba, ka ɗaga lilon sama kaɗan, ka zare shi daga ƙugiyarsa. In agogon mai ƙarfen nauyi ne, ka fara sauke nauyin ɗaya bayan ɗaya, ka manna wa kowanne takarda: hagu, tsakiya, dama. Ba lallai nauyinsu ya zo ɗaya ba, na kiɗa ya fi sauran nauyi.

Gargaɗi: wanda ya ɗauki agogo da lilo a rataye zai lanƙwasa wannan sifirin ko ya tsinka shi. In ka ga lilo mai kwalabe biyu da wani ruwa mai ƙyalli a ciki, ka ɗauka zaiba ce har sai ka tabbatar. Guba ce, a riƙe shi a tsaye, a nisanta shi da yara.

3. Faɗi irin agogon da girmansa

Layin farko na bayani shi ne iri. Agogon tsaye shi ne dogon nan mai kai tsayin mutum ko fiye, lilonsa ya kusa mita 1, yana yin tik sau ɗaya a daƙiƙa. Agogon bango iri-iri ne: akwai mai zagayayyar fuska na ofis da tashar jirgi, akwai dogon akwati mai ƙofar gilashi. Agogon kanta shi ne wanda ake ɗorawa a kan kabad, wanda aka fi gani a Jos shi ne mai doro a tsakiya da fikafikai a gefe, na shekarun 1930 zuwa 1950. Agogon tafiya ƙarami ne, tagulla da gilashi ta kowane gefe, da mariƙi a sama, yawanci ɗan Faransa. Sai mai kwana 400 da ke ƙarƙashin murfin gilashi, ƙwallayensa suna juyawa dama da hagu a hankali, da mai tsuntsu na Jamus, da agogon farkarwa.

Awo kuwa tsawo, faɗi, zurfi, da santimita, daga inda ya fi tsawo da inda ya fi faɗi. Faɗin fuska da inci ake faɗarsa, domin haka masu sana'ar suka saba. Agogon ofis na Ingila inci 12 ne akasari, mai inci 8 ya fi wuyar samu, ya kuma fi tsada.

4. Ƙirga ramukan wanawa

Wannan ne gwaji mafi sauƙi, kuma a nan aka fi yin kuskure. Rami ɗaya a fuska: lokaci kawai yake nunawa, ba ya bugawa. Rami biyu: yana nuna lokaci, yana buga awa, sau da yawa da bugu ɗaya a rabin awa. Rami uku: akwai kiɗa duk kwata. A agogo mai ƙarfen nauyi, yawan nauyin ne yake ba da wannan labarin.

Wani ɗan mitsitsin rami kusa da lamba 12 ba na wanawa ba ne, na saita gudu ne. Za ka ga F da S a gefensa, ko A da R in ɗan Faransa ne. Kada ka ƙirga shi. Wasu agogunan tsaye masu awa 30 kuma an zana musu ramukan ƙarya da fenti don su yi kama da masu kwana 8, alhali sarƙa ake ja daga ciki. Ka sa yatsa ka taɓa.

Sai ka rubuta tsawon lokacin da yake aiki da wanawa ɗaya: awa 30, kwana 8, kwana 14, wata guda, ko kwana 400. In ba a rubuta a jiki ba kuma ba ka gwada ba, ka bar gurbin har mataki na 10.

5. Bayyana fuska

Ka fara da abin da aka yi ta da shi. Fuskar tangaran tana da sanyi da santsi kamar faranti, lahaninta siraran tsagu ne kamar gashi, ko ɓalli kusa da ramin wanawa inda makulli ya sha zamewa. Haska tocila daga gefe, tsagun da ido bai gani ba za su fito. Fuskar fenti ƙarfe ce aka shafa wa fari, maganaɗisu yana kama ta in baƙin ƙarfe ce. Fuskar azurfa tagulla ce aka yi wa ruwan azurfa, inda ya goge za ka ga rawaya. Fuskar takarda an fi samunta a agogunan Amurka masu araha.

Sai lambobi, na Romawa ne ko na yau da kullum. Ganin IIII a maimakon IV ba kuskure ba ne, al'adar masu agogo ce. Ka ambaci ƙaramar fuskar daƙiƙa in akwai, da tagar kwanan wata, da hoton wata mai nuna tsayuwarsa da cikarsa. Hannuwa biyu su zama salo ɗaya, dogon ya kai layin minti daidai. In ya gaza ko ya zarce, an sauya shi, ka rubuta haka. Zoben da ke riƙe gilashi ma a faɗi halinsa, da ko gilashin shimfiɗaɗɗe ne, mai tudu ne, ko mai dattsen baki.

Gargaɗi: agogon farkarwa na kafin shekarun 1960 mai lambobi masu haske da dare, mai yiwuwa fentin radiyam ne. Ko ya daina haske, cutarwarsa tana nan. Kada a kankare, kada a hura ƙurarsa.

6. Buɗe baya ka karanta inji

A nan gaskiyar agogo take. Sunan da ke fuska sau da yawa na kantin da ya sayar ne. Agogo mai sunan Mappin & Webb a fuska, misali, injinsa na iya zama na Faransa ko Jamus. Saboda haka ana rubuta su daban: "suna a fuska" da "tambari a inji".

Haska farantin baya na injin ka nemi tambari. Tauraro mai tsini 8 da harafin J na Junghans ne. Ƙugiyar jirgin ruwa da G da B na Gustav Becker ne. Kibiya biyu a gicciye na kamfanin HAC ne. Ƙafar mota mai fikafikai ta Kienzle ce. Duk waɗannan Jamusawa ne. Smiths da Enfield na Ingila ne, Seth Thomas da Ansonia na Amurka, Japy Frères na Faransa, Seikosha na Japan. Ka kwafe kowace lamba yadda take, ko ba ka gane ta ba.

Bayan tambari sai abin da ke tuƙa injin: ƙarfen nauyi, ko sifirin. Sifirin ɗin yana iya zama a buɗe kana ganin naɗinsa, kamar na Amurka, ko a cikin gwangwanin tagulla. In ka ga wani abu mai siffar mazurari da sarƙa ko waya a naɗe a jikinsa, wannan shi ne fuzi. Aikinsa daidaita ƙarfin sifirin daga ranar wanawa zuwa ranar ƙarewa. Shi ake samu a agogunan ofis na Ingila na ƙwarai, kuma kalmar kaɗai tana ɗaga farashi, don haka kada ka rubuta ta sai ka gan shi da idonka.

Sashen tik-tak shi ne giyar ƙarshe ta sama da ƙarfen da ke sakin haƙoranta ɗaya-ɗaya. A agogon lilo ana kiran ƙarfen anka. Kalli hannun daƙiƙa ko ita giyar: in tana ɗan ja da baya bayan kowane bugu, anka mai komawa ce. In ta tsaya cak ba motsi, anka mai tsayawa ce, wadda ake sa wa agogunan da ake son su riƙe lokaci sosai. Agogon tafiya ba shi da lilo, balans gare shi, wato ɗan zobe mai juyawa dama da hagu, a kan ɗan dandamali da ake hangowa ta gilashin sama. Dandamalin nan ana yawan sauya shi. In ya fi sauran injin ƙyalli, ko ka ga tsofaffin ramukan sukuru a gefensa, sabo ne.

Gargaɗi: kada ka kwance ko sukuru ɗaya daga farantin inji. Sifirin da aka wana yana da ƙarfin da zai karya haƙoran giya ya tsaga yatsa. Kada kuma a fesa man gwangwani ko a ɗiga man keke. Mai da ƙurar hunturu in suka haɗu, cin ramukan inji suke yi.

7. Saurari bugu

Tura dogon hannu gaba a hankali, ka tsaya a kowace kwata har ya gama abin da zai yi. Ka rubuta abu biyu: me yake bugawa, a kan me kuma. Zai iya zama ƙararrawa, ko naɗaɗɗiyar waya mai amo, ko miƙaƙƙun sandunan ƙarfe. Ka ƙirga sandunan da gudumominsu.

Kiɗan da ake kira Westminista, irin na Big Ben na Landan, sauti 4 ne a kwata, 8 a rabi, 12 a saura kwata, 16 a cikar awa, sannan bugun awar ya biyo. Akwai agogo mai rami biyu da ke buga sauti biyu a jere, wanda ake kira bim-bam. Mutane suna yawan tallata shi da sunan Westminista, mai saye kuwa yana ganin hoton fuska zai gane.

Tsarin ƙirga bugu iri biyu ne. Na farko faifai ne mai tsagu a gefensa, tazararsu tana ƙaruwa, sau da yawa ana ganinsa a bayan inji. Irin wannan yana rikicewa, hannu ya nuna ƙarfe 3 shi kuma ya buga 5, gyaransa ba wuya. Na biyu yana bin wani faifai mai siffar katantanwa a bayan fuska, shi kullum bugunsa yana tafiya da hannu.

Gargaɗi: kada a juya dogon hannu baya a agogo mai bugu. Wasu injinan suna jurewa, da yawa ba sa jurewa, kuma daga waje ba a bambance su.

8. Duba gida, ka gano ko aure ne

Gidan agogo katako ne, ko dutse, ko ƙarfe, ko bakalait, wato tsohuwar roba mai tauri. A katako ka faɗi ko zalla ne ko falle aka manna a kan wani. Dubi gefen ƙofa: in zanen katakon bai zagayo ba, falle ne. Jan katako dangin maɗaci shi ne mahogani, mai buɗaɗɗen zane da launin ƙasa-ƙasa yawanci katakon da Turawa ke kira oak ne. In ba ka tantance ba, ka rubuta launin kawai. Baƙin gidan Faransa mai nauyi da ake ce wa marmara, galibi ana sayar da shi da sunan baƙin sileti, kusurwoyinsa ne suke ɓallewa. Mutum-mutumin da ke kan agogo kuwa, ka ɗan karce ƙarƙashinsa inda ba a gani: rawaya tagulla ce, fari-fari tutiya ce aka yi wa fenti, kuma tazarar kuɗinsu babba ce.

Bushewar hunturun Jos tana ɗaga falle tana tsaga ƙofa, damina kuma tana kawo tsatsa da kumburi. Ka lissafa duka. Ƙananan ramuka da garin katako a ƙasa alamar ƙwaro ne da ke ciki har yanzu.

Masu wannan harka suna cewa agogo "aure" ne idan injin da gidan ba tare suka fito daga masana'anta ba. Nan ne kuɗi ya fi zubewa, don haka a natsu. Ka nemi ramukan sukuru da ba komai a cikinsu a allon baya ko a katakon da inji ke zaune. Ka duba ko ramukan fuska sun yi daidai da sandunan wanawa ko an faɗaɗa su da zarto. Lilo yana barin tabo a allon baya inda ya shekara yana gogawa, in tabon yana sama ko ƙasa da inda faifan yake yanzu, wani lilo ne ya yi shi. A agogon Faransa lambar da ke jikin inji ana buga ta a jikin lilo ma, in sun saɓa, lilon aro ne. Sukuru mai kan gicciye a agogon da aka ce na kafin 1930 ne yana nuna hannun baya ya taɓa shi. Mafi muni shi ne tsohon gida da aka cire injinsa aka sa na batir. Wannan a rubuta shi a layin farko, kada a ɓoye shi a ƙasa.

A farantin inji ma akwai shaidar gyara. Ƙananan zobban tagulla da aka dasa a ramuka, wato bushi, gyara ne na ƙwarai. Tabon duka da tsinin ƙusa kewaye da rami, ko ɗorin dalma a jikin giya, gyaran gaggawa ne, kuma lahani ne.

9. Ƙiyasta shekaru

A kasuwar duniya sai abu ya cika shekara 100 ake ce masa antik. Yawancin agogunan da ke gidajen Jos ba su kai ba, kuma faɗin hakan ba aibi ba ne.

Rubutun ƙasa yana taimakawa. "Made in Germany" ya biyo bayan dokar Ingila ta 1887. "West Germany" tsakanin 1949 ne da 1990. "Made in Occupied Japan" na ƙarshen shekarun 1940 ne zuwa 1952. Junghans yana buga harafi da lamba a injinansa na farkon ƙarni na 20: A12 farkon rabin 1912, B12 rabin ƙarshe. Hermle yana buga lamba biyu ta shekara har 1987, daga 1988 ya koma harufa, ya fara da A. Agogon kwana 400 na Schatz ko Kundo kusan duk na bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne. Dogon agogon bango mai rubutun "31 Day", irin wanda ya cika ɗakunan amare da tsarabar alhazai, yawanci na Koriya ne ko Sin, daga shekarun 1970 zuwa gaba. Shi kuwa mai fuska biyu da aka rubuta wa "Victoria Station 1747", sabon ƙira ne na ado, a 1747 babu jirgin ƙasa ma balle tasha.

Farantin tagulla na kyautar ritaya daga kamfanin kuza ko na reluwe shaida ce mai kyau, ka kwafe rubutun kalma da kalma. Sai dai faranti ana iya cire shi a manna wa wani agogon, ka duba ko katakon ƙarƙashinsa ya fi na kewaye duhu ko haske. Labarin iyali kuma a sa shi a ƙarshe da kalmomin "iyali sun ce". Gani ya kori ji. In shekara ba ta fito ba, ka rubuta "wajen 1930" ko "tsakanin 1920 da 1940".

10. Gwada shi kwana 7

Ajiye shi a wuri mai daidaito, rataya lilo, wana shi da makullin da ya zauna cif. Makulli mai lako-lako yana cinye kan sandar wanawa, yana kuma kuɓucewa ya doki hannu. Saurari bugun: tik da tak su zama tazara ɗaya. In yana ɗingishi, ɗaga gefe ɗaya da takarda har ya daidaita. Agogo da yawa da aka ce sun mutu, wannan ne kawai ciwonsu.

Saita shi da waya, ka riƙa duba shi a lokaci ɗaya kullum. In yana gudu, sauke notin da ke ƙasan lilo, in yana jinkiri, ɗaga shi. "Yana aiki" ba bayani ba ne. Ka rubuta: ya yi kwana 7 bai tsaya ba, yana ƙara minti 3 a mako, ba a san ranar da aka yi masa sabis na ƙarshe ba.

11. Lissafin gyara, hotuna da rubutun ƙarshe

Makulli, sifirin ɗin lilo da shimfiɗaɗɗen gilashi su ne masu araha. Babban sifirin da dasa bushi sun fi tsada domin sai an wargaza inji. Gyaran fuskar tangaran, murfin gilashin mai kwana 400 da sarƙar fuzi sai an yi odar su daga waje, kuɗinsu yana bin canjin dala, wani lokaci ya fi kuɗin agogon. Yawancin masu gyaran agogo na bakin titi aikin batir da na hannu suka saba da shi, ka tambayi mutum ko ya taɓa wargaza inji mai wanawa kafin ka miƙa masa. In sayarwa za ka yi, ya fi maka ka faɗi lahanin ka bar gyaran ga mai saye.

Hotuna: gaba, gefe biyu, baya, fuska kusa, inji, tambari, lilo da makulli, sai kowane lahani. Da hasken rana, ba filasha. In kayan zai fita ƙasar waje, ka fara biyawa ta ofishin Hukumar Gidajen Tarihi da ke Gidan Tarihi na Jos ka tambayi takardar izinin fita.

Ga yadda bayanin zai kasance a jere: "Agogon bango mai dogon akwati, santimita 78 da 32 da 16. Gidan katako mai falle, fallen ya ɗaga a ƙasan ƙofa ta hagu. Fuskar azurfa, inci 7, lambobin yau da kullum, hannuwa salo ɗaya. Injin sifirin, rami biyu, kwana 8, tambarin Junghans da lamba B26. Yana buga awa da rabi a kan sanduna 3. Babu ƙarin ramuka a allon baya. Bushi 2 a farantin baya. Makullin ba na asali ba ne. Ya yi kwana 7 yana rage minti 2. Iyali sun ce daga gidan wani ma'aikacin kuza a Bukuru aka samo shi, babu takarda."